Abin da Na Gaya wa Tanko Ranar Tiyata

Lahadi, 7 ga Yuni 1987, 4:30 na yamma

Gobe zan kwanta asibiti, jibi a yi mini aikin ƙabar nan da na yi shekara biyar ina ɗaure ta da ƙyalle. Masaƙa ta ba ni hutun sati shida. Shekarata ashirin da uku ina aiki a Kakuri, takwas daga ciki ina foman, ban taɓa zaman gida na sati biyu a jere ba. 'Yata Esther ce ta sayo mini wannan littafi kafin ta koma makaranta Zariya. Ta rubuta sunana a bango, Jethro Bako, ta ce in riƙa rubutu don kada zaman banza ya sa in addabi uwarta.

An yi mini addu'a a coci. Matata Deborah ta haɗa jaka. Ba na jin tsoro. Masarar da na shuka a bayan gida ta kai gwiwa.

Litinin, 8 ga Yuni, 5:15 na yamma

Gadona yana bakin taga, ina hango itacen mangwaro da masu sayar da lemo a bakin get. Mai kula da ɗakinmu Sista Juliana ce, gajera, tana da faɗa amma hannunta da sauƙi. Ta ce za a yi mini allura a baya, rabin jikina ya mutu, sannan a ƙara wata a jijiya don hankalina ya kwanta.

Deborah tana ninke zane ta ce, "Baban Esther, jiya na kai kan keken ɗinkina gyara wajen Malam Tanko a kasuwar unguwarmu Television. Na gaya masa za a yi maka aiki."

Na ce, "Me ya kawo wannan?"

Ta ce, "Ya tambaye ka, in ce masa me?"

Tanko makanike ne a sashena da. Shekara goma sha tara muna cin abinci a kwano ɗaya. Ya bar masaƙa a rage ma'aikatan da aka yi a 1984, yanzu keken ɗinki yake gyarawa. Shekara uku ke nan ba mu zauna ba. Ba faɗa muka yi ba. In na hango shi a titi, sai in tuna ina da saƙo a ɗaya gefen.

Talata, 9 ga Yuni, 1:20 na rana

An gama. Babu zafi. Ba na jin ƙafafuna. Tanko ya zo, ya rame.

Talata, 2:10

An gama aikin. Ba na jin ƙafafuna. Tanko ya zo yanzu. Ya rame.

Talata, 3:25

An gama, na gode wa Ubangiji. Ƙishirwa nake ji. Tanko ya zo yanzu yanzu, idonsa ja.

Alhamis, 11 ga Yuni, 10:00 na safe

Yau na buɗe littafin nan na ga abin da ke sama. Hannuna ne, ko da yake rubutun ya karkace kamar na ɗan aji ɗaya. Amma ban san lokacin da na yi shi ba.

Abin da na tuna ke nan. An tura ni a gado mai taya, na ga fitila babba, likita ya ce in lanƙwasa baya, na ji sanyi yana hawa hannuna. Daga nan sai Deborah tana goge mini fuska da tawul, rana ta kusa faɗuwa. Tsakanin waɗannan biyun babu komai, ko mafarki.

Deborah ta ce ƙarfe goma sha biyu da rabi aka fito da ni, idona biyu, ina ta surutu, har ni na matsa a miƙo mini littafi da biro, ina tambayar kowa ƙarfe nawa. Ta ce Malam Tanko ya iso, ya ce ta je gida ta yi girki ta huta, shi zai zauna. Ta bar mu mu biyu daga ƙarfe ɗaya har kusan biyar.

Na ce, "Me muka tattauna?"

Ta ce, "Ina gida a Television, ina zan sani?"

Asabar, 13 ga Yuni, 6:00 na yamma

An sallame ni. Gida da daɗi. An yi ruwa, ɗaki ya yi sanyi, Deborah ta yi tuwon acca da miyar karkashi. Na ci malmala ɗaya da rabi.

Lahadi, 14 ga Yuni, 8:30 na safe

Kowa ya tafi coci, ina kwance, na ji ƙararrawar keke da sallama. Tanko ne, da ƙosai a takarda da kunun gyaɗa a jug. Ya ce matarsa Dije ce ta ce a kawo wa mara lafiya.

"Foman, yaya jiki? Har yanzu kana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai?"

Haka ya shigo, kamar jiya muka rabu. Ya jawo kujera, ya ba ni labarin wata mata da ta zuba man ja a keken ɗinkinta, na yi dariya har ɗinkin ya ja ni, na ce ya yi wa Allah ya bari. Gashinsa ya yi fari a gefe. Rigarsa wankakkiya ce amma wuyan ya sha faci.

Da zai tafi na ce, "Tanko, an ce ka daɗe a wajena ranar Talata."

Ya ce, "Na daɗe."

"Ina fata ban dame ka da surutu ba."

Ya gyara hula ya ce, "Surutu kam ka yi." Ya hau kekensa.

Talata, 16 ga Yuni, 9:15 na safe

Ya sake zuwa, kamar jiya. Daga Makera yake tasowa, ya biyo nan kafin ya buɗe rumfarsa. Jiya ya gyara famfon tsakar gida da yake ɗiga tun Ista. Yau ya buɗe rediyona ya hura, ya ɗaura wata waya, ga shi yana magana. Deborah sai murna take yi, ta ce gidan ya dawo yadda yake da.

Ni ma ina jin daɗi. Ban san na yi kewar mutumin nan haka ba. Amma duk lokacin da ya dube ni, sai in kau da kai.

Laraba, 17 ga Yuni, 2:00 na rana

Na taka har bakin titi na dawo, ba sanda.

Alhamis, 18 ga Yuni, 1:30 na rana

An cire zare. Likita ya ce wurin ya haɗe da kyau. Na jira Sista Juliana ta gama da wani, na ce ina da tambaya.

Ta ce ba ni ne na farko ba. Wai allurar kwantar da hankalin nan haka take yi wa mutane da yawa, musamman in an ƙara ta saboda aiki ya ja lokaci. Mutum yana gani, yana magana, yana gane kowa, abin da ya sani tun da yana nan daram, amma sabon abu ba ya zama a kai. Ta ce akwai wanda ya ci abinci ya ƙoshi, bayan minti goma ya ce an bar shi da yunwa.

Na ce, "Zai dawo mini?"

Ta ce, "Baba, abin da bai shiga ba ai ba zai dawo ba. Kada ka wahalar da kanka, ƙwaƙwalwarka lafiya lau."

"Mutum yana iya faɗin abin da bai yi niyya ba?"

Ta dube ni ta saman tabarau. "Allura ba ta ƙirƙiro magana. Nauyin baki take ragewa."

Na tambaye ta ko ta ji abin da na ce wa baƙona. Ta ce ita labule ta ja mana, aikinta ya fi ƙarfin sauraren hirar maza. Abin da ta gani kawai, ya fita ya shigo, ya fita ya shigo, har ta ce masa ya zaɓi ɗaya.

Juma'a, 19 ga Yuni, 7:00 na safe

Wataƙila maganar ƙwallo muka yi. Ko ta yara.

Juma'a, 4:40 na yamma

Ba maganar ƙwallo ba ce. Mutum ba ya fita ya shigo don ƙwallo.

Amma in takardar nan ta rage ma'aikata ce na ambata, me zai sa ya riƙa kawo mini ƙosai?

Lahadi, 21 ga Yuni, 3:00 na rana

Na je coci yau, na zauna a bencin baya. Mata sun yi ta yi mini barka. Esther ta aiko wasiƙa, jarrabawa lafiya. Masara ta wuce ƙugu. Babu abin da na rasa.

Bari in rubuta, tunda littafin nawa ne. A watan Afrilu na 1984 auduga ta yi ƙaranci, injuna rabi a tsaye. Manaja ya kira mu fomanoni, ya ce kowa ya kawo suna shida daga sashensa kafin Juma'a, waɗanda suka shigo a baya su fara fita. Biyar ba su ba ni wahala ba. Na shida a ƙa'ida Shekari ne, ƙanen Deborah, wanda ni na samo masa aikin, a lokacin matarsa tana da tsohon ciki.

Ban rubuta Shekari ba.

Da aka liƙa sunaye a allo, Tanko ya zo ya same ni a bayan sito. Na ce masa daga ofis abin ya zo, na yi iya ƙoƙarina, sun ƙi. Ya dafa kafaɗata ya ce kada in damu, haka Allah ya tsara. Shi ne ya ba ni haƙuri.

Shekari kuwa bai cika shekara ba ya ajiye aikin da kansa, ya tafi Legas tuƙin mota.

Deborah ba ta san wannan ba. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Ko dai in ce ban san na gaya wa kowa ba.

Litinin, 22 ga Yuni, 9:30 na safe

Ya zo. Mun yi dara a gindin gwaiba, ya ci ni sau uku. Na tambaye shi babban ɗansa Audu, wanda na san yana sakandare. Ya ce yana Funtuwa wajen kawunsa, noma yake yi, tun daga aji uku ya tsaya. Ya faɗa yana kallon 'ya'yan dara, ya ce, "Wasanka ne, Foman."

Talata, 23 ga Yuni, 9:20 na safe

Na shirya maganar tun asuba. Da ya zo sai na tambaye shi ko ruwa ya shiga rumfarsa.

Laraba, 24 ga Yuni, 9:00 na safe

Yau ma ban faɗa ba. Abin da ke tsayar da ni, in bai sani ba, da bakina zan kore shi, ga shi na saba da jin ƙararrawar kekensa.

Alhamis, 25 ga Yuni, 11:45 na safe

Deborah ta tafi taron zumuntar mata. Tanko ya zo ya fara jera dara, na ce ya bari tukuna.

Na ce, "Tanko, sunanka da ya fito a allo, ba daga ofis ya zo ba. Ni na rubuta. Shekari ya kamata ya fita, na cire shi na sa ka. Sannan na yi maka ƙarya a bayan sito."

Na faɗa ina kallon ƙasa. Da na ɗago, na ga yana gyaɗa kai a hankali.

Ya ce, "Foman, wannan shi ne na biyar."

Na ce ban gane ba.

Ya ce, "Ranar Talata, Maman Esther tana fita ka buɗe ido ka ce, Tanko, yaushe ka zo? Ka kama hannuna ka zayyana mini wannan maganar kaf, har da cewa da jan biro ka rubuta. Na fizge hannuna na fita. Na kai har inda na jingine keke. Wallahi niyyata ke nan, in tafi kada ka sake ganina. Sai na tuna na yi wa matarka alkawari ba zan bar ka kai kaɗai ba. Don ita na koma, ba don kai ba.

"Ina zama ka buɗe ido. Tanko, yaushe ka zo? Har da murna. Ka sake kama hannuna, ka ɗauko daga farko. Na ɗauka raini ne. A nan na zage ka. Na gaya maka yadda muka koma ɗaki ɗaya, yadda Dije ta sayar da gadonta da kwanukan aurenta, yadda na raka Audu tasha yana kuka da littattafansa a leda. Ka yi ta hawaye, ka ce in yafe maka. Na ce ba zan yafe ba. Na fita na yi azahar."

Na ce, "Sannan?"

"Na dawo. Tanko, yaushe ka zo? A nan na gane ba kanka ɗaya ba. Na ce tunda bakin ya buɗe, bari in tambaya. Na ce, me ya sa ni? Ka ce don ka san hannuna ya iya aiki, ba zan mutu da yunwa ba. Na ce, shi ke nan? Ka ce a'a, kuma don ka san a cikin sashen nan kaf ni kaɗai ne ba zan taɓa zarginka ba."

Ni ban taɓa faɗa wa kaina wannan na biyun ba, amma da na ji shi na san gaskiya ne.

Ya ce, "Wannan ya fi korar zafi. Na koma baranda na zauna, ban san tsawon lokacin ba. Ina ta tunani, mutumin nan an tsaga masa ciki, bai san inda yake ba, bai tambayi matarsa ba, bai tambayi 'yarsa ba, duk buɗe idon da zai yi wannan maganar ce a bakinsa. Na ce lallai shekara ukun nan ba ni kaɗai na sha ta ba. Da na shiga ka fara na huɗu, na ce, na yafe, yi barci. Ka ce ai ba ka gama ba. Na ce ka gama."

Na ce, "To me ya hana ka gaya mini tun ranar da ka kawo ƙosai?"

Ya ce, "Wancan na asibiti na yafe masa. Amma shi allura ce ta taimake shi. Ina so in ga ko wannan mai ido biyu zai iya. Na ba ka wata ɗaya a raina. Ka yi kwana goma sha shida."

Na roƙe shi gafara. Ya ce an wuce wurin, kada in sa shi maimaita magana kamar ni. Muka yi dariya, ni da hawaye a fuska, ina riƙe da ciki.

Da zai tafi ya ce abu ɗaya ya rage. Har gobe Dije tana cewa Foman mutumin kirki ne, ya yi ta fafutuka a ofis don mijinta. Ya ce shi bai gaya mata ba, kuma ba zai gaya mata ba. "Kayanka ne. In ka ga dama ka kai, in ka ga dama ka ajiye."

Alhamis, 6:10 na yamma

Na gaya wa Deborah tana tsince shinkafa. Ta ajiye faranti a ƙasa. Ta ce, "Baban Esther, na roƙe ka ka yi haka?" Na ce a'a. Ta ce, "Shekara uku ina kai wa mutumin nan kekena, ina yi masa ciniki, ashe da abincin 'ya'yansa ƙanena ya yi bikin suna." Ta shiga ɗaki.

Ta fito bayan kamar rabin awa ta ɗora tukunya. Ta ce ranar Lahadi tare za mu je Makera.

Asabar, 27 ga Yuni, 10:30 na safe

Asabar ɗin shara. An hana ni ɗaukar shebur, na zauna a ƙofar gida ina ba da umarni. Na yi barci mai kyau kwana biyun nan.

Lahadi, 28 ga Yuni, 5:30 na yamma

Mun je bayan an tashi coci. Ɗaki ɗaya ne a gidan haya, an raba shi da labule. Dije ta rasa inda za ta sa mu don murna, ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta ce ashe Foman yana tuna hanya. Tanko ya zauna a bakin ƙofa.

Na faɗa mata. Ban rage komai ba, har dalilin na biyu.

Ta dubi mijinta ta ce, "Malam, ka sani?" Ya ce tun ranar tiyata. Ta ce, "Kuma ka bar ni ina tashi da asuba ina soya masa ƙosai?" Ya ce, "Mara lafiya ne."

Ta juyo ta ce, "Foman, shekara uku ina sa ka a addu'a. Da ka bar ni a haka da ya fi mini sauƙi." Deborah ta kama hannunta, ba ta janye ba, amma ba ta sake duba inda nake ba. Da muka tashi ta raka Deborah har waje. Ni na yi mata sallama ta amsa a taƙaice.

Tanko ya raka mu bakin titi muka shiga bas. Ya ce in ba Dije lokaci, shi ma sai da ya ji sau huɗu.

Talata, 30 ga Yuni, 9:40 na safe

Ya zo, mun yi dara, na ci ɗaya. Na tambaye shi ko Audu zai yarda ya koma karatu in an samu hanya, akwai makarantar koyon sana'a da ke ɗaukar irinsu. Ya ce ba shi zan tambaya ba, Audu ya zama mutum, shekararsa goma sha tara.

Laraba, 1 ga Yuli, 10:15 na safe

Tanko ya kawo saƙo daga Dije. Ta aika Funtuwa, Audu zai iso ranar Juma'a. Ta ce in ina neman yafiyarta, in zo in maimaita a gabansa, tunda shi aka cire daga aji, abin da ya ce shi za ta ce.

Na ce to. Wannan zai zama na takwas. Na ce wa Deborah ta goge mini farar rigata.